Wankan Jego a Kan Ɗinki

Sunana Saude. Ban yi boko ba, kuma ban iya dogon zance ba. Faɗa nake ana rubuta mani, don matar da za a yi wa tiyata a maida ta gida ta ji abin da ya same ni. A ƙasan cibiyata akwai tabo mai kauri. Sau biyu aka ɗinke wurin. Ɗinkin farko don a ceci raina ne. Na biyu mu muka jawo shi, da ruwan zafi.

Ni 'yar Barkiya ce ta ƙasar Kurfi. Aure ya kawo ni Dutsin-Ma. Maigidana, Malam nake ce mashi, noman rani yake a bakin ruwan Zobe, tumatir da albasa. Na taɓa haihuwa sau ɗaya, namiji. Ya rasu yana rarrafe. Daga nan shiru, shekara da shekaru. Na sha sassaƙe, na sha rubutu, na gaji na bari.

A ƙarshen sanyin bara waccan al'adata ta ƙi zuwa. Wata ya wuce, aka shiga na biyu. Na sayo abin gwajin fitsari a kemis, ya nuna ciki. Na gaya wa Malam. Washegari ya dawo daga Zobe da ɗaurin itace a bayan babur.

A wajenmu miji ne ke tara itacen da za a dafa wa matarshi ruwan wankan jego. Mutane sai ciki ya tsufa suke farawa. Shi Malam ya fara ciki bai ko tasa ba. Kullum da ɗaurinshi, marke da ƙirya, masu daɗewa suna ci. Yana jingine su a bayan ɗaki.

Na ce, "Malam, za ka tona mani asiri. Duk wanda ya shigo ya ga iccen nan ya san abin da ake ciki."

Ya ce, "To a sani mana. Sato shi muka yi?"

Ciwon ya fara ne a gefen dama, can ƙasa, kamar ana soka mani tsinke. Sai ɗan jini baƙi-baƙi, kamar zoɓon da ya kwana. Maƙwabciyata ta ce ciki ne ke neman wurin zama. Mai kemis ya ce olsa ce, ya ba ni farin magani a kwalba. Wata tsohuwa ta ce ɓari yake son yi, in kwanta in ɗaga ƙafafu a bango. Duk na yi. Mako guda ina haka.

Sai kafaɗata ta ɗauka. Ku riƙe wannan. Me ya haɗa ciki da kafaɗa? Na ɗauka daka ce. Daga baya likita ya ce jinin da ya taru a cikina ne ya kai ciwon can.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe, na ji bayan gida ya matsa mani. Na shiga, ba komai. Ina fitowa tsakar gida ta juya. Abin da na gani na ƙarshe tulin itacen nan ne.

Na farfaɗo a asibiti, a kan benci, Malam ya tafi layin kati. Wata ma'aikaciya, Sista ake ce mata, ta zo wucewa ta tsaya. Ta ja fatar idona ta duba, ta buɗe tafin hannuna.

Ta ɗaga murya ta ce, "Ina mai matar nan? Kai Malam, bar katin nan! Wannan ba ta layi ba ce."

Allah ya saka wa matar nan. Bakinta ba daɗi, amma ba don ita ba da a kan bencin nan zan cika.

Aka yi hoton ciki. Likita ya ce wa Malam, ina ji sama-sama, "Cikin bai sauka mahaifa ba. A hanya ya tsaya, ya girma a can, hanyar ta fashe. Jini ne cike da cikinta. Yanzu za mu shiga da ita." Ya faɗi sunan abin, ektofik. Shi kaɗai na riƙe a cikin turancinsu.

Aka ce a kawo masu ba da jini. Malam ya buga waya Zobe. Abokan nomanshi suka taho yadda suke, da taɓo har gwiwa. An ce wanda ya fi su ƙato, yana ganin allura ya sulale ƙasa, sai da aka yi mashi fifita. Har yau suna tsokanarshi. Jinin mutanen nan ne a jikina. Ban manta ba.

Na farka maƙogwarona a bushe, ga robar fitsari, ga ƙarin ruwa a hannu. Na ce wa Sista, "Cikin fa?"

Ta ce, "Ke dai kin tsira."

Malam aka nuna wa abin da aka ciro. Ya naɗe shi a farin ƙyalle ya je ya binne. Na tambaye shi mace ce ko namiji. Ya ce bai kai nan ba.

Ranar sallama likita ya tsaya a bakin gadona, Malam na gefe. Ya ce, "Mace hanya biyu gare ta, dama da hagu. Ta dama mun cire. Ta hagu ta rage, kuma lafiyarta lau. Da ita kaɗai ana haihuwa. Amma in ciwo ya shiga cikin nan yana iya toshe ta. Saboda haka ɗinkin nan, kada ruwa ya taɓa shi. Na san mutanenmu. Ba wankan jego, ba gashi. Bayan mako biyu ku dawo a cire zare."

Hanya ɗaya ta rage. Ita ce duk abin da na fito da shi daga asibitin nan.

Mu biyu muka ji maganar. Wadda ya kamata ta ji tana waje, a gindin famfo tana wanke kwanuka. Inna ke nan, mahaifiyata. Tun ranar da aka yi aikin ta zo daga Barkiya. Amma duk lokacin da Malam ya shigo ɗakin, sai ta fita. Suruki ne. Tun da aka yi aurenmu ba su taɓa haɗa ido ba. In ya je gaishe ta, daga zaure yake durƙusawa, ta amsa daga ɗaki. Ni kuma 'yar fari ce, ba ta kiran sunana. Ke, ko yarinyar nan.

Inna ta ce Barkiya za ta tafi da ni, tunda gidana ba wata mace. Ba wanda ya musa. Ƙanenta, Kawu Iro, yana da tsohuwar mota da yake jigilar hatsi tsakanin Kurfi da Dutsin-Ma. Shi ya zo ɗaukarmu. A bakin ƙofar asibiti Malam ya ja shi gefe ya gaya mashi abin da likita ya ce, don ya isar.

Ina kwance a baya, mun hau hanya, Kawu ya yi gyaran murya. Ya ce, "Yaya, likita fa ya ce a yi hankali da ruwa."

Inna ta ce, "Ni za a koya wa ruwa, Iro?"

Kawu ya maida ido kan hanya. Iyakar saƙon ke nan.

Makon farko a Barkiya mata suka yi ta shigowa. Ba su san gaisuwar da za su yi mani ba. Ba haihuwa ba ce a yi barka, ba mutuwa ba ce a yi ta'aziyya. Sai sannu, sannu. Wata ta ce ƙari aka cire mani. Wata ta ce iska ce ta shafe shi. Wata kuwa, tana ɓare gyaɗa ko kallona ba ta yi, ta ce, "Ai ba ciki ba ne. In ciki ne a mahaifa zai zauna."

Wannan ta fi wuƙar likita zafi.

Inna ta ajiye ludayi. Ta ce, "Ciki ne. Jinin da ta zubar ya fi na haihuwa. Maijego ce, ko da ba ɗa a gabanta."

Tun da abin ya faru, ita ce ta fara faɗin haka. Shi ya sa da ta ce za ta aika a kawo itace, ban yi gardama sosai ba. Na taɓa yin wankan jego a haihuwata ta fari, na gama lafiya. Kuma a raina ina so a hura wutar nan, ko hayaƙinta ya gaya wa unguwa cewa ni ma na ɗauki ciki.

Ita Inna ba wannan ne a gabanta ba. Tana da ƙanwa, Abu. Abu ta haihu a wata shekara mai wuya, mijinta bai tara itace ba, da ruwa mai ɗumi-ɗumi aka riƙa yi mata wanka. Ƙafafunta suka kumbura, sai fuska, sai numfashi ya gagara. Ba ta yi arba'in ba. Inna ce ta yi mata wankan gawa, kuma zoben da ke yatsanta sai da aka yanke shi. Tun daga ranar, ba abin da Inna ke tsoro a duniya kamar sanyi ya shiga maijego.

Itacen ya iso a motar Kawu. Malam ne ya loda shi da hannunshi. Ya kira ni a waya.

"Ki gaya mata abin da likita ya ce."

"Kai ka gaya mata. Kai ka aiko da iccen."

"Surukata ta aiko neman icce, in ce babu? Da wane bakin?"

A nan kuɗin wayar ya ƙare.

Na gwada sau ɗaya. Na ce, "Inna, an ce kada ruwa ya taɓa wurin."

Ta ce, "Wa ya ce zai taɓa? Baya da ƙafafu kawai. Likita ya san yanka, bai san sanyi ba."

"Bazara fa ake, Inna."

"Abu ma da bazara ta tafi."

Tana da wata babbar baƙar tukunya, ta wankan jego kawai. Ta ɗora ta a bayan ɗaki. Safe da la'asar. Ina kwance ina jin lokacin da ruwan ke fara kuka, sai ya koma ɓararraka. Sai ta leƙo ta ce, "Ke, taso." A kan kifaffen turmi nake zama. Ta tsoma ɗaurin ganyen bedi, wato darbejiya, a cikin ruwan, ta fyaɗa mani a baya. Ta tsoma, ta fyaɗa. Tururi ya rufe mu har ba na ganin fuskarta.

Gaskiya ta faɗa, baya da ƙafafu take duka. Amma ruwa gangarowa yake. Filastar da aka rufe ɗinkin da ita ta jiƙe tun wankan farko. Ba a jima ba ta saki da kanta. Inna ta sunkuya ta kalli wurin.

Ta ce, "Oh ni! Kamar buhun gero suka ɗinke ki."

Ta taɓa gefen ta ji tauri. Ta ce jini ne ya kwanta, sai an narkar da shi. Ta tsoma tsumma a ruwan zafi ta shiga gasa mani. Daga ranar gashi ya shiga cikin wankan.

Ba zan yi ƙarya ba, da farko na ji daɗi. Jikina ya saki, na sha kunun kanwa, na yi barcin da rabona da shi tun kafin asibiti. Na ce a raina ƙila likita ya cika tsoro.

Mako na biyu bakin ɗinkin ya yi ja. Ya ɗauki zafi, yana bal-bal kamar da zuciya a ciki. Da tsakar rana, kaji sun buɗe baki don zafi, ni haƙorana na haɗuwa. Inna ta lulluɓe ni da bargo. Ta taɓa goshina, ta duba ƙafafuna ko sun kumbura.

Ta ce, "Kin gani? Sanyin ne. Da mun yi sake da ya gama da ke."

Ta ƙara itace.

Haka abin ya zama. In jikina ya ƙara tsanani, sai ta ƙara wuta. In ta ƙara wuta, jikina ya ƙara tsanani. Daga inda nake kwance ina hango tulin itacen ta ƙofa. Kullum yana raguwa. Na riƙa tunanin wa zai riga ƙarewa, ni ko shi.

Ranar cire zare ta zo. A daidai lokacin aka ce an tare hanya an kwashi mutane a tsakanin ƙauyuka. Ba motar da ta fita. Kawu ya shigar da motarshi gida ya rufe ta da buhuna. Aka ce a bari hanya ta lafa. Malam in ya samu layi ya kira, ya ce ya jiki, in ce da sauƙi. Mu ba mu da wata amsa sai wannan.

Ƙudaje ne suka fara sani. Ko na kore su sai su dawo kan zanena, daidai wurin. Sannan wari. Masu zuwa dubiya suka daina zama, daga tsaye suke gaisuwa da gyale a hanci. Inna ta riƙa sa turaren wuta. Wani ruwa rawaya ya fara tsattsafowa ta tsakanin zaren. Ta ce dauɗar ce ke fita, alamar sauƙi ce. Amma ta daina cin abinci.

Ni abu ɗaya nake tunani. Ina ɗora hannu a gefen hagu, ina jin ko ciwon ya isa can.

Da safe abin ya faru, a kan turmi. Ta fyaɗa mani ganye, tururi ya shaƙe ni, na yi tari. Sai na ji kamar an keta tsohon zane. Wani abu mai ɗumi ya bi cinyoyina, kuma ba ruwan wanka ba ne. Na duba. Cikina ya buɗe baki. Zaren na tsaye a gefe ɗaya, ba abin da ya riƙe. Mugunya na bulbulowa.

Ganyen ya faɗi daga hannun Inna.

Ta ce, "Saude."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.

Ta ɗaure ni da wankakken zane, ta fita kai ba ɗankwali. Na jiyo ta a ƙofar gidan Kawu. Yana cewa, "Yaya, hanya fa." Ta ce, "In ba ka tada motar nan ba, Iro, goya ta zan yi in taka."

Ya tada. Ba mu haɗu da kowa ba a hanyar daji. Kawu da ba ya tuƙi sai da rediyo, ranar bai kunna ba. A wani kwari muka wuce babur a yashe gefen hanya, da takalmi ƙafa ɗaya. Kaina na kan cinyar Inna, kowane rami muka faɗa sai ta danne zanen da tafinta.

A asibiti Sistar nan muka tarar. Ta ɗaga zanen, ta kawar da kai. Ta juya ni ta ga bayana duk ya saɓule.

Ta ce, "Wa ya dafa ki? Jinya kuka je yi ko figar kaza?"

Inna na tsaye a wurin.

Likita bai yi faɗa ba. Gara ma ya yi. Ya dubi Malam, wanda ya iso a guje daga Zobe, ya ce, "Ban gaya maka ba?" Malam ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Likita, ta hagun fa?"

Ya ce, "Ban sani ba. Abin da nake gani sama ne ya ruɓe. Muna fatan bai nutsa ba. Lokaci ne zai nuna."

Ba su sake ɗinkewa ba. Suka ce sai ya yi tsabta tukuna. Haka suka bar shi a buɗe. Kullum da safe a zo da keken wankin ciwo, a zaro audugar jiya, a kankare, a cusa sabuwa. Na haihu, na san naƙuda. Wannan ya fi ta. Ina jin ƙarar ƙafar keken nan daga farkon ɗaki sai gumi ya karyo mani. Wani lokaci ma'aikaciya ɗaya ce a kan ɗakin duka, sai ka kai azahar da audugar jiya. Rabin magungunan a waje ake sayowa. Malam ya sayar da injin ban ruwanshi ana tsakar ɗibar tumatir. Sauran ya bushe a tsaye.

Kuma a ɗakin masu haihuwa aka kwantar da ni, don nan gado ya samu. Dama jariri, hagu jariri. 'Yan barka su shigo da sabulu da kwanon ƙauri, su zo wucewa ta gabana, su leƙa gefen gadon su ga ba komai, su ce sannu. Wannan ban yafe wa wanda ya tsara shi ba.

Makonni na yi a nan. Inna a baranda take kwana a kan tabarma. Ita ke wanke zannuwan mugunya, ita ke ɗaga ni, ita ke ba ni abinci a baki. Ta sayar da akuyarta. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Kuma ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ran nan na ji ta ta taga tana gaya wa wata mai jinya, "Allah ya sa mun yi wankan. Shi ya fito da mugunyar waje. Da ciki ta yi, da yanzu wani zancen ake."

Ba don ta kare kanta ta faɗa ba. Haka ta yarda har zuciyarta.

Da wurin ya yi ja mai kyau aka sake ɗinkewa. Wannan karon gidana na ce za ni. Farkon damina na koma.

Jiki bai dawo da wuri ba. Ban iya ɗaga bokiti ba sai bayan an yi girbi. Fatar wurin ta mutu, ko na tsungule ta ba na ji, amma in hadari ya haɗu sai ta kama ƙaiƙayi. Abin da ya fi daɗewa ba a fata yake ba. In ruwa ya fara ɓararraka a tukunya sai in bar madafi. Malam ya koma shan shayi a bakin titi. Warin ganyen bedi kuwa, ga shi ko'ina a garin nan, amai yake sa ni. Na daina zuwa suna. A bayan ɗaki, inda itacen ya zauna, bangon ya yi fari daban, kullum ina ganinshi. Kuma duk wata in na ga jini, sai in ce shi ke nan, hanyar ta toshe.

Malam ban cika yi mashi magana ba. In ajiye abinci, in tashi. Ya daɗe yana haƙuri da haka. Ran nan yana ɗaure buhu a babur, ya ba ni baya, ya ce, "Na ji kunyar uwarki, na kusa binne ki."

Na ce, "Ni ma da bakina."

Daga nan muka ci gaba da magana.

Likita ya taɓa ce mani, wadda ta yi irin wannan cikin tana iya sake yi. Duk ranar da na ga ɓatan wata kada in jira ciwo, in zo a duba inda ya zauna. Bana na ga ɓatan wata. Ban gaya wa maƙwabciya ba, ban je kemis ba. A makon na tafi. Aka ce in sha ruwa har marata ta cika. Na bi layi tun safe ina matse da fitsari, hannuna a gefen hagu. Mai hoton ya daɗe yana goga abin a kan tabon. Sannan ya juyo da allon wajena.

Ya ce, "Ga shi nan. A ɗakinshi yake."

Ta hagu ta yi aiki. Alhamdu lillahi. Yanzu cikin ya fito har yana motsi. Likita ya ce a asibiti zan haihu, kuma ba shi da tabbas ko sai an yanka.

To ga abin da na tara ku in faɗa. In kika yi ɓatan wata, gefe ɗaya na soka, ga baƙin jini, ga kafaɗa, kada ki ɗaga ƙafa a bango, ki tafi asibiti a ranar. In aka yi maki aiki, ranar sallama ku nemo wadda za ta riƙe ganyen, ku shigo da ita gaban likita ta ji da kunnenta. Ko uwa ce, ko suruka, ko ungozoma. Kada a ba kawu saƙo.

Watan jiya muka je Barkiya. Bana Malam bai tara ko tsinke ba, haka muka shirya. Ina shiga gidanmu na zagaya bayan ɗakin Inna. Ga itace nan a jingine, ɗauri-ɗauri ƙanana, irin wanda tsohuwa ke iya ɗauka a ka. Kawu ya ce ita ke shiga daji da kanta, dajin da maza ke tsoron shiga yanzu.

Na fito na gaya wa Malam a zaure. Ya daɗe a zaune. Sai ya tashi, ya tuɓe takalmi, ya ratsa tsakar gida. Bai taɓa wuce zauren nan ba. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna, kanshi a ƙasa.

Ya ce, "Inna, ki gafarce ni. In aka yanka ta, ba wanka, ba gashi. In ta haihu da kanta, sai abin da likita ya ce. Ni na faɗa, ba saƙo ba ne."

Inna ta ja mayafi ta juya wajen bango. Can ta ce, "Iro, ka ce mashi na ji."

Da za mu tafi ta ba ni ƙullin daddawa da kuka. Ta kalli ƙafafuna, ta danna ɗaya da yatsa ta ga ko zai lotsa.

Ta ce ta ji. Ba ta ce ta bari ba.

Shekaranjiya Kawu ya biyo da kayan kasuwa, ya tsaya shan ruwa. Na ce, "Kawu, iccen fa?"

Ya shanye ruwan tukuna, ya ajiye kofin.

Ya ce, "Ya kai kafaɗata. Kuma jiya na ga ta fito da tukunyar tana wanke ta."